Kanta, Haske da Laka: Bitar Ginin Hikma na Dandaji

A shekarar 2018 aka kammala wani aiki a Dandaji, cikin ƙasar Illela, kudu da birnin Tawa, wanda har yau masu zanen gine-gine na Turai da Amurka sun fi mu Hausawa sanin labarinsa. Tsohon masallacin Juma'ar garin, ginin laka da ya soma zaizayewa har aka fara maganar rushe shi, shi aka gyara aka mayar ɗakin karatu. Daura da shi aka tada sabon masallaci mai ɗaukar mutum 1,000. Aka haɗa su a haraba ɗaya, aka raɗa wa wurin suna Hikma, don tunawa da Baitul Hikma na Bagadaza, inda malaman zamanin Halifa Ma'amun suka yi ta fassara littattafan lissafi da likitanci da ilimin taurari a ƙarni na 9. Mata biyu ne suka zana aikin: Mariam Issoufou Kamara, 'yar Nijar mai ofishi a Yamai da a lokacin ake kira atelier masōmī, wadda tushen gidansu yake Dandaji, da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, 'yar Iran, mai Studio Chahar. Tun ba a gama ginin ba ya ci lambar zinariya ta yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya a gasar gidauniyar LafargeHolcim a 2017, ya kuma ci ta azurfa a zagayen duniya a 2018.

Hasumiya da jan bango su ne ke fara ɗauke idon baƙo, kuma a kansu aka fi yin rubutu. Ni abin da ya fi cin raina yana ciki: kantocin littattafai, benen ƙarfe, matakala, wurin zama, da hanyar da haske ke bi ya iso kan takarda. A nan ake gane ko mai zane ya san mutanen da ya yi wa aiki.

Ba a fahimtar Dandaji sai an bi ta Yaama. Magini ɗaya ne ya fitar da masallatan garuruwan biyu, Alhaji Falke Barmu, manomi kuma magini, wanda hannu da ido suka koyar ba makarantar zane ba. A 1962 dattawan Yaama, can wajen Badagishiri, suka yanke shawarar gina masallacin Juma'a, suka damƙa masa aikin. Gayya aka yi: wannan gida ya buga tubali, wancan ya jawo ruwa, wani ya saro itace. Abin da aka fara samu ɗaki ne mai kusurwa huɗu, da shimfiɗaɗɗen rufi bisa ginshiƙai, ba wani ado. A 1975 rufin ya buƙaci gyara, amma Falke bai mayar da shi yadda yake ba. Ya ɗaure bakuna tsakanin ginshiƙan, ya tada tulluwa a tsakiya. Daga 1978 zuwa 1982 ya ƙara hasumiya huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, kuma babu wadda ta ɗauko kamar 'yar'uwarta. Shekara 20 ke nan mutum ɗaya yana komawa ga gini ɗaya, yana ƙara masa abin da ya koyo. A 1986 masallacin ya sami kyautar Aga Khan ta gine-gine, a shekarar da aka ba da irin kyautar ga aikin gyaran Masallacin Al-Aƙsa na Ƙudus. Da sunan Falke aka sanar da ita, ba da sunan wata ma'aikata ba.

Akwai wani abu game da hannun maginan Adar, ƙasar da Yaama da Dandaji suke ciki, da ya kamata a tsaya a kai, don shi ne ya tsara duk abin da aka zo aka yi a Dandaji daga baya. Maginan Kano da Zariya suna da azara, tsagin giginya mai ƙarfi wanda gara ba ta cika damu da shi ba. Da ita Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaure manyan bakunan masallacin Juma'ar Zariya a ƙarni na 19. Adar kuwa ƙasar duwatsu ce da faƙo, giginya ba ta wadata ba. Sai maginanta suka koma ga abin da Allah ya hore: a tara siraran itatuwa a ɗaure su dami, a binne gindinsu cikin ginshiƙi, a tanƙwaro kawunansu su haɗu a sama, a lulluɓe da laka. Irin wannan baka ba ya iya tsallaka fili mai faɗi. Dole ginshiƙai su yawaita, su yi kauri, su matso kusa da juna. Ga masallacin Juma'a na garin da ke girma wannan takura ce, domin ginshiƙi yana yanke sahu, yana kāre liman, yana cin wurin mutum biyu. Ga ɗakin karatu kuwa alheri ne. Mai karatu ba fili yake so ba, lungu yake so, inda zai jingina bayansa, idonsa bai faɗa kan na kowa ba. Tsakanin kowane ginshiƙai huɗu akwai ɗan ɗaki da Falke ya riga ya gina ba tare da ya nufi haka ba. Gwanintar Mariam da Yasaman ta farko ita ce sun ga wannan, sun bi tsarin ginshiƙan maimakon su yi faɗa da shi. Kantocin littattafai su ne suka zama shamaki, suka raba zauren zuwa wurin mai son kaɗaici da wurin masu bita tare.

Kada a raina wannan aiki, don kantar littafi baƙuwa ce a ɗakin Bahaushe. Kayan ɗakinmu na asali duk a ƙasa suke: tabarma, buzu, dakalin ƙofar gida, gadon kara, gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa lokacin ɗari, da kujerar mata 'yar tsugunno da masassaƙi ke fitarwa daga gungume ɗaya. Littafin malam ma ba a tsaye yake zama ba. Warƙoƙi ne a kwance tsakanin tadarishi, a sa a gafaka a rataye, ko a jera a adaka. Kanta ta shigo mana ta hanyar shago da ta jeren ɗakin amarya. Saboda haka duk wanda zai shigar da ita cikin tsohon masallacin laka yana da hanya biyu ta ɓata wuri. Ko ya kwaikwayi laka, ya gina kantoci masu kauri da za su cushe zauren, su sa a kasa bambance aikin Falke da ƙari. Ko ya kwaso kabad-kabad na ofis ya jingina da bango, wurin ya koma kamar ma'ajiyar takardun gunduma.

Su ba su bi ko ɗaya ba. Ƙarfe suka zaɓa, suka yi shamaki da matakala da wuraren nazari da wani bene a tsakiyar tsayin ginin. Dalilin da suka bayar shi ne ƙarancin itace a yankin, kuma duk wanda ya san Adar ya san ba ƙarya. A 1984 aka fara aikin Keita, da taimakon Italiya da hukumar FAO, ana dasa itatuwa ana tare zaizayar ƙasa a tsaunukan yankin, don farin shekarun baya ya cinye daji. Ba zai kyautu a sare abin da aka sha wahalar dasawa don a yi bene ba. Amma ni ina ganin ribar ƙarfen ta wuce ta tattalin itace. Siririn ƙarfe a gefen ginshiƙin da mutum bai iya zagaye shi da hannu biyu yana ƙara fito da nauyin ginshiƙin. Ido yana rarrabewa nan take: wannan na Falke ne, wannan ƙari ne na zamaninmu. Babu ɓoye-ɓoye, babu tsufan ƙarya.

Benen nan shi ne abin da na fi yaba wa a duk aikin. Masallacin dogo ne, kuma shekara da shekaru masu salla suna ƙasa, rufi yana can sama, ba mai ɗaga kai cikin ruku'u da sujada. Da aka rataya bene, sai yaron da ya hau da littafinsa ya sami kansa dab da bakuna, yana iya ganin yadda aka jera itatuwan rufi, yadda baka ke fita daga ginshiƙi ya je ya tarbi ɗan'uwansa. Wurin karatu ya ƙaru ba a taɓa faɗin ginin ba, kuma aikin magini ya sauko inda za a yi nazarinsa. Idan har Adar za ta sake haifar wani Falke, ba mamaki a kan benen nan zai fara kallo.

Wani zai ce ƙarfe ba namu ba ne. Wannan magana ta tsufa. A Tawa, a Ƙonni, a Badagishiri, a kowane gari mai tasha, akwai mai walda da ke fitar da ƙofa da gado da keji. Kujerar da ta fi kowace yawa a Nijar yau ita ce ta ƙarfe mai saƙar igiyar roba, wadda ake jerawa a kowace fada ana dafa shayi. Iska tana ratsa ta, ruwa ba ya ɓata ta, in igiya ta tsinke a sake saƙawa. Ba a san wanda ya fara zana ta ba, amma ta cika sharuɗɗan da masana ke gindaya wa kujera ta gari. Ƙarfen Dandaji ɗan gidan wannan kujera ne. In ya karye, mai gyara yana kusa.

A nan ne tarihin kayan ɗaki na duniya ya ratso ta Nijar, kuma labarin ya dace a sani. Jean Prouvé, Bafaranshen da ya tashi a Nancy, maƙeri ne kafin ya zama mai zane. Kujerarsa ta 1934, wadda ake kira Standard, tana cikin waɗanda ake koyarwa a makarantun zane: ƙafafun gaba sirara ne na bututu, na baya kuwa faffaɗa ne na naɗaɗɗen ƙarfe, domin ya lura nauyin mai zama a baya yake sauka. Fitilarsa ta 1950, Potence, dogon hannu ne na ƙarfe da ke juyawa daga bango, ƙwai ɗaya a bakinsa, a kai haske inda ake so. A 1949 masana'antarsa ta ƙera wani gida na ƙarfe da alminiyam, Maison Tropicale, aka kawo shi gunduwa-gunduwa aka harhaɗa a Yamai, aka kai wasu biyu Brazzaville a 1951. Gidan yana da dabara, da rufi mai fitar da iska mai zafi ta sama da baranda mai kāre rana. Amma bai haifi ɗa ko ɗaya a Nijar ba, don babu wanda ke da injin yin irinsa a nan, kuma tsadarsa ta fi ta ginin gida. Wajen shekarar 2000 wani dillalin kayan tarihi na Paris ya saye su ukun, ya kwance, ya mayar Faransa. A 2007 aka yi gwanjon ɗaya daga cikin na Brazzaville a New York kan kuɗi kusan dala miliyan 5. Manthia Diawara, ɗan Mali, ya yi fim a kan wannan ɗauka. Ina girmama Prouvé, kuma ƙa'idarsa ta a sa ƙarfi inda nauyi yake ita ce dai ƙa'idar Falke a ginshiƙansa. Bambancin shi ne abin da aka yi a Dandaji ba ya kwantuwa a sa a jirgi. Ƙimarsa tana cikin haɗuwar ƙarfen da wannan lakar, a wannan garin.

Sai batun haske, wanda shi ne mafi wuya. Ginin Hausa marowacin taga ne, kuma da dalili. A Tawa zafin watan Afrilu da Mayu yana haura digiri 40, ga ƙurar hunturu, ga ruwan damina mai zuwa a karkace. Bango mai kauri da 'yar taga can sama su ne maganin duk ukun. Masallaci bai damu ba, tunda salla da ka ake yin ta, duhu-duhu ma yana taimakon natsuwa. Littafi kuwa sai da haske. To ya za a ba mai karatu abin da yake bukata ba tare da an fasa bangon da ke sanyaya shi ba? A nan ma siririn ƙarfe ya yi rana, don ba ya tare ɗan hasken da ke shigowa yadda bangon laka ko allon katako zai tare. Hasken da ya ratso bango mai kauri yana isowa a sanyaye, ba ya ƙyalli a kan farar takarda, ba ya sa ido ruwa. Wanda ya taɓa zama a ajin kwano mai faffaɗar taga da tsakar rana ya san bambancin.

A sabon masallacin sun sami sararin yin yadda suke so, kuma sun yi kyau. Da bulon jar ƙasa aka gina shi, wanda ake haƙa a wurin, a matse da inji, ba a gasa ba. Yana riƙe sanyi kamar tubali amma bai kai shi son gyara ba. Kankare an taƙaita shi ga abin da ke ɗaukar nauyi, kamar ginshiƙai da kan ƙofofi, kuma mafi yawan kayan aikin daga cikin tazarar kilomita 5 aka samo su. Ƙofofi da tagogi dogaye ne sirara, sun nutse cikin bango, rana ba ta samun shiga kai tsaye sai dai haskenta, iska kuma tana ratsawa ba a bukatar na'urar sanyaya ɗaki. An yi tanki a ƙarƙashin ƙasa mai tara ruwan damina, ana shayar da itatuwan haraba ɗigo-ɗigo. Wannan duka jawabi ne ga wani tunani da ya kafu a Adar. Adarawa mutanen ci-rani ne, daga Abijan zuwa Legas zuwa Libiya, kuma wanda ya dawo da abin hannu shaidarsa ita ce bulon siminti da kwano. Ga masana'antar siminti a Malbaza, cikin jihar Tawa, tun shekarun 1960. Laka ta zama alamar wanda bai samu ba. Wa'azi ba ya kawar da irin wannan ra'ayi. Abin da ke kawar da shi shi ne mutum ya shiga gini mafi daraja a garinsu ranar Juma'a da azahar, ya ji sanyi, ya ɗaga kai ya ga ƙasar garinsu ce.

Duk da haka, in aka ajiye sabon kusa da tsohon, zuciyata tana wajen tsohon. Bulon inji duk girmansu ɗaya, layinsu a miƙe, kusurwarsu a kaifafe. Abin da aka zana a takarda shi ya fito, ba ƙari ba ragi. Aikin Falke kuwa yana da wasan hannu: bango yana sirancewa yana hawa, ado yana sauyawa daga wannan fuska zuwa waccan, don magini yana yanke shawara ne yana bisa tsani. Sabon masallacin yana da kwarjini da tsabtar tsari, amma ba shi da wannan. Ba laifin masu zanen ba ne kaɗai, halin kayan aikin ne. Sai dai ya kamata a faɗa, domin in wannan salo ya yaɗu, kuma ina fatan ya yaɗu, hukunci zai tashi daga hannun sarkin magina ya koma hannun injiniya. An gayyato maginan da suka yi tsohon masallacin suka shiga aikin, suka koyi dabarun ƙarfafa laka da kāre ta daga zaizaya, wannan abin yabo ne ƙwarai. Amma a yawancin abin da ake bugawa game da Hikma, sunan masu zane biyu ake gani, maginan kuwa a dunƙule ake ambatonsu. Kyautar 1986 ta fi mu adalci a nan.

Abu na biyu da ke damuna ya fi wannan nauyi. Ginin laka da yaɓe yake rayuwa. In damina ta wuce ana duba indararo, a toshe tsaga, a sake shafe inda ruwa ya ci. Masallaci yana da masu yi masa wannan ba sai an roƙa ba, don kowa yana neman lada, kuma kowa yana ganin ɓarnar sau biyar a yini. Yanzu salla ta koma sabon gini, wanda ba ya bukatar yaɓe sosai. Tsohon, mai bukatar, ya zama na ɗalibai. Wa zai kira gayya domin ɗakin karatu? Masu zanen sun yi abin da zane zai iya: sun sa gine-ginen biyu suna duban juna, hanyar masallaci ta bi ta gaban littattafai, don kada ɗaya ya zama saniyar ware. Sauran aikin na liman ne da mai gari. In aka saba faɗa a kan mumbari cewa yaɓen wancan ginin sadaka ce mai gudana kamar shimfiɗar wannan, zai daɗe. In ba haka ba, ƙarfen zai fi lakar tsawon rai, kuma ba don haka aka yi aikin ba.

Na san akwai malaman da za su ɗaga gira tun daga farko, don wurin da aka yi wakafinsa masallaci ba abin wasa ba ne a mazhabar Malikiyya. Tambaya ce mai hujja. Amma a duba abin da ya sami 'yan'uwansa. Tsohon masallacin laka na Kano an kawar da shi, aka gina na yanzu a tsakiyar ƙarni na 20. Na Zariya, aikin Babban Gwani, an rushe wani sashe, aka rufe sauran cikin ginin zamani a shekarun 1970. A ƙauyuka kuwa ba a ƙirga waɗanda aka baje aka maye da bulo da koren kwano. Dandaji ta kawo hanya ta uku, kuma ba baƙuwar hanya ba ce, tunda karatu a masallaci ya girmi kowace makaranta da muke da ita. Akwai ma wata riba da ba a zata ba. A garuruwanmu da yawa mace ba ta da dalilin taka harabar masallacin Juma'a. Da aka sa azuzuwan yaƙi da jahilci da na koyon lissafin sana'a a cikin harabar, ta sami dalili, kuma ba wanda zai ce mata me ya kawo ki.

Inda nake ganin aikin bai ƙarasa ba shi ne dare. Duk hikimar hasken ginin ta rana ce, alhali karatun ɗan ƙauye na dare ne. Da rana yaro yana aji ko gona ko kiwo, yarinya tana rijiya ko bakin turmi. Tarihin karatunmu ma tarihin fitila ne: wutar karan da almajirai ke kewayewa da allunansu, aci-balbal mai man gyaɗa, fitilar ƙwai da kananzir, tocilan mai batir, yanzu kuma hasken wayar salula. A manyan garuruwa har gobe ana ganin 'yan jarrabawa ƙarƙashin fitilun titi. Hikma ta ba mu kanta da bene da za a iya nunawa a ce wannan salon Dandaji ne, amma ba ta ba mu fitilar da za a kira da sunanta ba. Ƙwan lantarki a rataye can saman rufi ba ya wadatar da mai karatu a tabarma, inuwar kansa ce ke faɗawa kan shafin. Abin da ake bukata fitila ce gajera, mai hannu da ke juyawa kamar ta Prouvé, mai cin hasken rana, wadda mai walda na Tawa zai iya ƙerawa, baduku ya yi mata marfi. Rana ba ta yi mana rowa ba. A Malbaza ma an buɗe tashar lantarki mai aiki da hasken rana, mai megawat 7, a 2018. Haka nan wurin zama. Jihar da ke da tabarmin Madawa da dukawan Tawa da masassaƙan Buzaye na Abalak, masu gadaje da turakun tanti da ake kwancewa a ɗora wa raƙumi, ba ta rasa inda za ta samo abin zama na karatu da ya dace da jikin mutanenta ba. Wannan fage a buɗe yake, kuma ɗaliban Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa su ne suka fi kusa da shi.

Cewa za a iya, kasuwar garin ta nuna. Ofishin Mariam ne ya zana ta ita ma, aka gama a 2018: rumfuna na bulon ƙasa kewaye da tsohuwar itaciyar da ake cin kasuwa a gindinta tun dā, sama da su kuma faya-fayan ƙarfe masu launi iri-iri, wani bisa wani, suna ba da inuwa a inda itace ke wuyar girma. Abu ne mai sauƙi, mai fara'a, kuma yaro ma zai gane amfaninsa.

Hukuncina shi ne Hikma tana cikin ayyuka mafi kyau da aka yi a ƙasar Hausa a wannan ƙarni, kuma ɗakin karatun ya fi sabon masallacin zurfi, don a can ne aka yi aiki mai wuya na shigar da sabon abu cikin tsoho ba a ci mutuncin kowa ba. Baƙin waje sun ragu a jihar saboda halin tsaro a arewa, saboda haka ziyarar ta rage gare mu. Mai bin hanyar Tawa zuwa Ƙonni ya ware yini guda. Ya fara da Yaama, ya nemi izinin liman, ya zagaya hasumiyoyin huɗu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya nufi Illela ya ƙarasa Dandaji, ya hau benen. Kuma kada ya je hannu rabbana. Ya riƙa littafi ko biyu, na Hausa ko na ajami ko na Larabci ko na Faransanci, ya ba mai kula da wurin, domin kanta komai kyanta ba ta karantuwa.